Zuwa ga taubashina da ya cire wa motarsa gammo

Taubashi, ɗan Gwaggo, bawan gidanmu, ina gajiya? Ina kuma wuya? Na tambayi wuya ne don labarinka ya riga ka isowa Madawa. An ce duk wanda ya shiga motarka daga Buza zuwa Keita, in ya sauka sai an gasa masa ƙeya da ruwan zafi. An ce ranar da ka ɗauko Gwaggo za ku biki Tamaske, ta riƙe ƙwaryar fura a cinya, mota na canza giya ta biyu furar ta koma kan zanenta, ta juyo ta ce maka: "Kai, mi ya samu wagga mota, harbi takai kamar jaki?" Kai kuma ka gyara hula ka ce mata ai ƙarfi ne. Allah sarki Gwaggo, ta haifa, ta yi raino, ga sakayya.

Kafin ka kumbura fuska, ka tuna ba ka da ikon fushi. Tun 2014 UNESCO ta sa wasan taubasantaka da barkwancin ƙabilun Nijar cikin al'adun duniya da ake tattali. Ka ga ke nan yanzu in na zolaye ka, aikin raya al'ada nake yi, in ka yi fushi kai ne mai ɓarna. Sai ka zauna ka saurara.

Mu faro daga tushe. Ka yi shekara tara kana biɗa a Abijan, kamar yadda Adarawa suka gada, ka dawo da Toyota 4Runner ƙirar 1998, mai canza giya da kanta. Muka yi murna, muka shafa ta, yara suka leƙa madubi, ni ma na ce bawana ya yi abin kai. Mota ce mai mutunci, ta san dutse, ta san yashi. Sai wani ya zo ya raɗa maka cewa akwatin giyarta, wanda mu nan muke kira buwat, ɗan gidan A340 ne na kamfanin Aisin, kuma dangin wannan akwati ne a cikin Toyota Supra, motar da samarin duniya ke rataya hotonta a ɗaki. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Irin akwatin ya zauna a Supra, ya zauna a Hilux, har Jeep Cherokee ta Amurka ta ɗauke shi da sunan AW4, kuma ko'ina ya je an yaba masa da juriya. Sai dai Supra mai turbo da aka sayar a Amurka tana da ƙarfin doki 320, taka tana da 183, ranar da take sabuwa ke nan, kafin dawakin su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya a hanyar Kwanni. Zumunta ba ta sa a zama ɗaya, taubashi. Ni da kai ma kakanmu guda, ga shi ni ubangida kai bawa.

Daga jin wannan magana barci ya ƙaurace maka. Ka shiga waya, ka ga Turawa na magana a kan wani abu wai shi shif-kit, ka aika aka kawo maka wani ƙunshi marar suna a jikin leda: 'yan sifirin, 'yan ƙwallaye kamar ƙwayar gujiya, bakin abin huda ƙarfe, da takarda mai zane. Ka tara mu a gindin bedi ka ce daga yau motarka za ta riƙa shan giya da ƙarfi. Liman na wucewa ya ji, ya tsaya ya yi salati. Sai da muka yi masa bayani cewa giyar mota ake nufi, wadda 'yan Nijeriya ke faɗi, mu kuma mu ce bites. Ya tafi yana girgiza kai. Yanzu da na ga yadda take tangaɗi a hanya, ina jin fahimtar Liman ta farko ita ce daidai.

Tun da ka saya ba ka san abin da ka saya ba, bari ubangidanka ya karantar da kai, kuma da yaren da za ka gane.

Ka san garkar albasa a fadamar Tarka. Inji na jawo ruwa, ruwan ya bi babbar hanya, mai ban-ruwa na tsaye da hauya, ya buɗe wannan fangali ya toshe wancan. To cikin akwatin giya haka yake, sai dai maimakon ruwa jan mai ne. Akwai famfo da inji ke juyawa, yana tura man da matsi. A ƙasan akwatin akwai wani falon ƙarfe mai ƙananan hanyoyi birjik, a tsakiyarsa an shimfiɗa wani faranti mai huji-huji kamar rariya. Ta nan ake buɗe wa mai hanya zuwa inda ake so. In man ya isa, sai ya danna wasu fayafai da ke jere, na ƙarfe da masu fata-fata a jiki, su manne da juna, giya ta shiga. In za a canza, a saki wannan jeri a kama wancan. A motarka kwamfuta ce ke cewa yanzu lokaci ya yi, ta buɗe 'yan ƙofofi na lantarki, amma ƙarfin kamun da saurinsa na hannun mai.

Ga inda maganar take. Ka tuna muna yara, Baba na aikenmu rijiya, guga ya cika ya yi nauyi ya suɓuce maka. In ka bar igiya tana zamewa cikin tafin hannu kana tsayar da ita sannu-sannu, kafaɗa ba ta ji komai ba, amma tafin ya ƙone, fata ta saɓule. In kuwa ka cafke ta gaba ɗaya, tafi ya tsira, sai dai fizgar ta tafi kafaɗa da ƙugu, in igiyar tsohuwa ce ma ta tsinke guga ya koma ƙasa. Duk rigimar shif-kit ba ta wuce wannan ba. Masu ƙera mota sun san mai saye na son laushi, ba ya son ya ji an canza giya, don haka suka bar fayafan su ɗan zame kafin su kama. Wannan zamiya ta ƙasa da daƙiƙa ɗaya ita ce laushin da Gwaggo ke ji a da, kuma ita ce ke haifar da zafi tana cin fatar fayafai kaɗan-kaɗan. Don a sassauta kamun, suka sa wasu 'yan fistin masu sifirin a hanyar man, su fara karɓar matsin kafin ya isa ga fayafai. Aikinsu aikin gammo ne.

Shif-kit kuwa abin da yake yi shi ne ya faɗaɗa wasu hujojin rariyar don mai ya isa da sauri, ya canza sifirin don matsi ya ƙaru, ya taurara gammon ko ya rage masa tafiya. Sai igiya ta daina zamewa. Sai a cafke.

Kai da ka tashi a Keita ya kamata ka fi kowa sanin darajar gammo. Tun da aka fara Furoje Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun FAO, iyayenmu mata ne suka kwashi duwatsun Adar a ka, suka jera su a gangaren tuddai don tare ruwa da ƙasa, ana biyansu da abinci. Tambayi Gwaggo ko cikinsu akwai wadda ta yar da gammo don a ce mata jaruma. Kai ka zo rana ɗaya ka cire wa motarka nata, kana dariya.

Amma zan yi maka adalci, ko da yake ba a saba yi wa bawa ba. Abin da ka sayo ba tsibbu ba ne, yana da asali. Tun da General Motors ta fito da Hydra-Matic a motocin Oldsmobile na 1940, Amurkawa suka rungumi mota mai canza giya da kanta, kuma ba a daɗe ba masu tsere suka fara buɗe cikinta. Kamfanin B&M ya kafu a Kalifoniya a 1953 kan wannan sana'a. Gil Younger ya kafa TransGo a 1959, kuma sunan Shift Kit ɗin nan ma nasu ne, da rajista. Mutanen nan sun lura cewa in ka ƙara wa inji ƙarfi, ko ka ɗaura wa mota tirela mai nauyi, zamiyar da aka bari don laushi sai ta yi tsawo, fayafai su ƙone tun ba a je ko'ina ba. A irin wannan hali, kit mai matsakaicin kamu, a akwati mai lafiya, a hannun makaniken da ya karanta takarda, yana ƙara wa fayafai kwana. Wannan gaskiya ce, ban ƙi ta ba. Shi ya sa ma B&M ke raba nata hawa biyu, na masu jan kaya daban, na masu tsere daban. Wasu kit ɗin ma ba don harbi aka yi su ba sam, don toshe yoyon matsi ne a inda ƙarfe ya cinye.

To amma ka san tseren da ake yi wa hawa na biyun? Mita 402 ne, rubu'in mil, a kan kwalta mai santsi kamar faranti, a miƙe. Mota ta yi 'yan daƙiƙoƙi tana ihu, a kashe ta, a buɗe ta a duba. Mai irin wannan mota ya san fizgar da ya ɗauke wa fayafai ba ɓacewa ta yi ba, komawa ta yi kan ƙarafa: sandunan cikin akwati, haƙoran giya, kurosin doguwar sandar da ke kai ƙarfi baya, robobin da inji ke zaune a kai, har haƙoran gadar baya. Don haka yakan canza su da masu kauri tun kafin su ba shi kunya. Amurkawa sun sha ganin haka a akwatin 4L60E na motocinsu: a ƙara matsi a ceci fayafan giya ta uku da ta huɗu, sai wani kwanon ƙarfe da ke ciki ya tsage. Kai fa, me ka canza? Labulen kujera da hon mai kukan saniya.

Takardar da ta zo cikin ledar, na gan ta da idona. An zana huji iri uku, ƙarami da matsakaici da babba, an rubuta wanda ya dace da wane aiki. Makaniken da ka kai wa, bawan Allah, ya ce maka a tsaya a ƙarami. Ya kuma zaro sandar awon mai ya shinshina, ya miƙa maka, ya ce wannan man ya fara ƙauri, launinsa ya bar ja ya koma kamar shayin da aka manta a kan gawayi, a fara sauke akwatin a duba fayafai. Ka ce masa kai ba ka zo jin wa'azi ba, a huda babba. Ya ce huji in an faɗaɗa ba ya komawa. Ka ce ai kuɗinka ne. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kai kuwa ka saya ka ƙara mata ƙofofi. Har wayar nan da ta taso daga totur zuwa akwati, wadda ke gaya wa famfo yawan matsin da ake bukata, ka sa aka ɗaure ta tamau, don wani a waya ya ce haka ake yi.

Abin da ba ka gane ba, kit ba ya mayar da tsohuwa yarinya. Fatar da ta cinye a fayafai ta tafi ke nan, tana kwance baƙi-ƙirin a gindin kwanon mai. Zobban roba da suka shekara ashirin da wani abu suna shan zafi sun bushe kamar ƙirgi. Ka zo ka ƙara musu matsi. Kwana biyu na farko mota ta yi kamar ta warke, don matsi ya rufe zamiyar, kamar tsohon da ya sha gadagi ya shiga kokawa. Kai ma ka san inda irin wannan kokawar ke ƙarewa.

Sai kuma hanya. Wa ya gaya maka Adar filin tsere ce? Sunanta ma Adar Dutsi. Daga ka bar kwalta, tsakuwa ce da gargada da ƙoramu, ka hau tudu ka gangara kwarin Majiya, inda layukan bedin da aka fara dasawa a 1975 don tare iska suke tsaye suna kallon masu gaggawa. A kan gargada taya tsalle take yi, ta bar ƙasa ta dawo. Ka ɗauka giya ta cafke daidai lokacin da taya ke sama tana juyawa a banza, sannan ta dira kan dutse. Wannan bugun duk a ƙarfe yake sauka, sau ɗari a tafiya guda. A cikin yashin ƙorama kuma, fizgar da kake taƙama da ita ita ce ke sa taya ta tona wa kanta kabari. Direbobin da ke kai kaya kasuwar Ibohaman da Karofan da tsofaffin motoci sun san wannan, da lallashi suke fita yashi.

Wani abin dariyar, zafin da ka ce kana gudu, ba a wurin canjin giya ya fi taruwa ba. Tsakanin inji da akwati akwai wani tulun ƙarfe cike da mai, da fanka biyu a ciki suna fuskantar juna, ɗaya na kaɗa man, man na kaɗa ɗayar. Duk lokacin da mota ke fama a yashi, ko tana hawan tudu da buhu goma na albasa da rago biyu da 'yan biki takwas, wannan tulun dafa man yake yi kamar tukunya, kuma kit ɗinka ko kallonsa bai yi ba. Man giya ya fi son ya zauna wajen digiri 80. Makanikai na da wani ƙiyasi da suke yawan faɗi, cewa in ya haura haka, duk ƙarin digiri goma da ɗoriya na raba kwanansa biyu. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu iskar da ake so ta sanyaya shi ita kanta ta haura 40. Da kuɗin ledar nan ka sa ƙaramin lagireto na man giya a gaba, ka wanke babban da ƙura da ƙaiƙayi suka toshe, ka juye man ka zuba irin wanda aka rubuta a jikin sandar awo, ba na cikin buta da ake sayarwa a bakin tasha ba, da yanzu kana nan kana cika mana baki lafiya lau. Akwai ma wani ɗan maɓalli a jikin sandar giyarka da aka rubuta O/D. In ka kashe shi a hawan tudu, mota ta daina kai-komo tsakanin ta uku da ta huɗu. Ga ƙaramar sanda ta gefe mai L4, don yashi aka yi ta. Shekara biyu kana rataya mata carbi.

Yanzu mu zo ranar da abin ya faru, don na ji kana ba da labarin ta wata fuska a majalisa. Robar inji ce ta fara tsagewa, ka ce ƙaramin abu ne. Kurosi ya fara ƙara kamar ana daka, ka ƙara sautin rediyo. Ranar kasuwa ka taso daga Buza da rana tsaka, ka zo hawan nan da kowa ya sani, inji ya yi ihu har sama, mota kuwa ta tsaya tana tunani, sannan ta fara komawa da baya a hankali kamar mai jin kunyar surukai. Wanda ke kujerar gaba ya ce ƙaurin da ya tashi ya fi na tuwon amarya.

Nan ma da ka tsaya, da da sauran magana. Sai ka tara yaran ƙauye ka ce su tura a ba ta wuta. Taubashi! Mota mai canza giya da kanta ba ta tashi da turi, don famfon man sai inji na juyawa yake aiki, in babu matsi babu abin da zai haɗa taya da inji. Balle ma injinka lafiyarsa lau, akwatin ne ya mutu, ko me za a tayar oho. Yara suka tura har suka gaji, ka sallame su da dala ashirin-ashirin. Daga nan ka tare wata babbar mota mai albasa, ka ɗaura igiya, aka jawo ka har Madawa tayoyi huɗu a ƙasa, inji a kashe, ba ka kwance doguwar sandar ba, ko ƙaramar sandar nan ba ka mayar tsakiya ba. Duk tsawon hanyar cikin akwatin na juyawa babu mai zagaya shi. Abin da kit ya rage, igiya ta ƙarasa.

Ga ta nan a ƙofar gidanmu yau kwana goma sha ɗaya, an sa mata duwatsu a taya. Kaji sun gano inuwar ƙarƙashinta, akuyar maƙwabta ta gano ta sama. Baba ya fito jiya ya zagaya ta, ya ce a gaya wa ɗan ƙanwarsa in Supra ta gama hutawa yana son wurin, zai shanya gero. Na sa an tambayo maka akwati na hannu a Kwanni da Maraɗi, an ce ana samu, sai dai tun da aka rufe iyakar Gaya a 2023 kayan Kwatano sun yi tsada, ka shirya jikkuna masu kauri. Na kuma roƙi makaniken nan ya yi haƙuri ya karɓe ka, ya ce zai karɓa, da sharaɗin in ana aiki ka zauna waje, wayarka kuma a hannuna.

Gwaggo ta aiko a gaya maka bikin Garhanga ranar Lahadi ne, kuma ta riga ta yi magana da mai amalanke. Ta ce in kana so akwai wuri a baya, kusa da ƙwaryar fura, kai za ka riƙe.